Saƙon da Hamman Ya Ba Ni

Ƙwallon tana taɓa raga na wurga hulata sama, na ware hannuwa ina jiran Hamman, ɗan wasanmu da ya zura ta. Ya taho a guje, baki buɗe, ya wuce ni har kafaɗarsa ta bangaji tawa, ya je ya durƙusa gaban Malam Mudi da ke zaune kan kwandon kifinsa a bakin layi.

"Baba Mudi, taka ce! Wallahi taka ce!"

Sauran 'yan wasan suka rufa masa baya, suka yi wa dattijon rumfa. Ni kuwa na duƙa na ɗauki hulata, wani ya riga ya taka ta.

A filin firamaren Bebeji aka yi wannan, ƙarshen daminar 1991, ranar da ƙungiyarmu Guguwa ta ci 'yan Kiru ɗaya da nema ta kai wasan ƙarshe na kofin shiyya. Duk wanda ya ɗauki kofin zai hau rukunin jiha. Shekara tara muna nema.

Ni ne Gwadabe tela. Ni na tsare ragar Guguwa shekara shida, tun turakunta na itacen darbejiya ne, har gwiwata ta goce. Jesin da ke jikin yaran a kekena aka ɗinka. Mudi kuwa bai taɓa dukan ƙwallo ba. Ya zo garin ne lokacin da ruwan Tiga ya cinye ƙauyensu, ya zauna a gidan da ke jikin nawa, katanga ɗaya, yana sana'ar bandar kifi. Har ya mutu bai gane satar gida ba. Rafali na hura usur sai ya waiwayo ya ce, "Gola, me kuma muka yi?"

Amma shi ne Baba, ni Tela. Ranar da 'yan Burumburum suka zura mana biyar, ni na bi yaran da zagi har bakin kasuwa, shi ya bi su gida-gida da kifi a takarda. Na kwana uku ban iya cin tuwo ba, ba wanda ya sani. Shi kuka ya yi a fili, garin duka ya ɗauka. In za a fita wasa, gidan gaba na bas nasa ne. Ina gaishe shi kullum, muna sahu ɗaya a masallaci, amma in na ji ihun sunansa sai in kau da kai.

Kwana huɗu bayan wasan Kiru Mudi ya kwanta. Idanunsa suka yi rawaya, ƙafafunsa suka kumbura. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi, aka shimfiɗa masa katifa a soro don masu dubiya. Yaran sukan biya ta nan daga atisaye. Daga shagona ina jiyo dariyarsu, ni kuwa sai dai su ɗago min hannu su wuce.

Ranar Asabar ɗin wasan ƙarshe na leƙa shi kafin mu tashi.

"Gola, ka zauna a gaba," in ji shi. "Ka hana direban nan gudu, yaran amai suke."

Na zauna a gaba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har Tudun Wada inda za a buga wasan, ina fitar da gwiwar hannu ta taga.

Da Damisar Doguwa muka kara. Minti goma ba a yi ba suka zura mana. Mutanensu sun cika rabin filin da kalangu, suna yi mana waƙar masu warin kifi. Na zauna a ƙasa na dafe kai. Ana dawowa daga hutu Hamman ya farke da ka, can kuma ya ƙara ta biyu, muryata ta dushe don ihu. Saura minti uku a tashi rafali ya ba su fenariti.

Na ruga bayan raga wajen Adamu, golanmu, wanda ni na koya masa kamun ƙwallo.

"Kada ka dubi idonsa," na ce. "Dubi ƙafar da zai dasa. Hagu zai buga."

Hagun ya buga. Adamu ya cafe ta ya kwanta a kanta. Da aka hura tashi na durƙusa ina hawaye, ina cewa yau kam sai an ambaci Gwadabe.

Suka ɗaga kofin, suka zaga filin da shi.

"Baba Mudi! Baba Mudi! Baba Mudi!"

Har da Adamu, shi ne ma a gaba.

Wani ɗan kasuwa mutumin Bebeji da ke zaune a can ya yanka musu rago, ya ce sai sun kwana. Na ce ni ina da ɗinkin mutane. Ina shirin hawa motar masara Hamman ya riƙo hannuna.

"Tela, don Allah ka gaya wa Baba Mudi ƙwallayen nan biyu nasa ne. Ka ce da sunansa muka shiga fili. Gobe kafin azahar za mu kawo masa kofin ya taɓa."

"To," na ce.

Washegari da hantsi na yi sallama a soron. Asma'u matarsa ta amsa daga bayan ƙyaure.

"Malam Gwadabe, gara da ka zo. Tun asuba yake tambayarka. Ko kunu ya ƙi sha."

Ya rame fiye da jiya, amma idonsa tar.

"Na ji yara suna ihu, na san mun ci. Zauna ka ba ni daga farko. Kada ka tsallake komai."

Na ba shi. Na miƙe na nuna masa yadda Hamman ya yi tsalle, na ja labarin fenaritin har sau biyu. Yana dariya yana riƙe ciki.

"Alhamdu lillahi. Shekara tara!" Ya mayar da numfashi. Can ya ce, a hankali kamar mai jin kunya, "Gola, yaran sun tuna da ni kuwa?"

Maganar Hamman tana bakina. Na dubi tabarma.

"Ka san yara, Malam Mudi. Hankalinsu na kan wasa."

"Haka ne," in ji shi. "Haka ya kamata." Ya juya fuska wajen bango. "Ka san ranar da na fara zuwa filin nan? Watanmu biyu da tasowa, ban san kowa ba, gonar ubana tana ƙarƙashin ruwa. Na ji hayaniya na bi. Na tarar da wani dogo a raga, ya tashi sama kamar shirwa ya kaɗe ƙwallo. Na ce wa na kusa da ni wane ne wannan, ya ce maƙwabcinka ne mana. Wallahi na daɗe ina jin haushinka, Gola. Kai ka san daɗin abin a jikinka. Ni ihu kawai na iya."

Na ce masa ya huta. Na ce a raina ai yaran suna hanya, su faɗa masa da bakinsu, ya fi daɗi. Na koma shago na zare zare, na kasa zura shi a allura.

Wajen sha ɗaya na ji salatin Asma'u ta kan katanga.

Ana yi masa wanka bas ɗin ta shigo layinmu, an ɗaure mata ganye ta ko'ina, direba na danna ham, yaran sun leƙo ta tagogi suna waƙa, Adamu a kan rufi da kofin. Suka ga tabarmi a ƙofar gida da mutane zazzaune. Waƙar ta mutu daga gaba zuwa baya. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Adamu ya rasa inda zai sa kofin, ya cusa shi ƙarƙashin kujera.

Hamman ya zo ya tsuguna kusa da ni, idonsa ja.

"Tela, ka dai gaya masa, ko? Ya ji?"

Da na ce e, da ya tashi da sanyin zuciya, kuma babu mai ƙaryata ni.

"Ban gaya masa ba."

Ya zuba min ido yana jiran dalili. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya shiga soro. Shi da Adamu suka ɗauki gaban makara. Na bi sahun baya da gwiwata mai ciwo, ban samu na sa kafaɗa ba har muka isa.

Da muka dawo daga maƙabarta bas ɗin tana nan inda aka bar ta. Ganyen ya yi yaushi a rana. Direban yana kwance shi reshe-reshe yana ajiyewa a gindin katanga, wata akuya ta tsaya tana ci.