Shinkafar da Saufi Bai Taɓa Ba

Kwalekwale ya kai tsakiyar kogi kafin Saufi ya tuna bai taɓa shinkafar ba.

Ɗazu ne a gida abin ya faru. Yana ɗaure takalmi mahaifiyarsa ta fito da faranti, shinkafa da soyayyen kifi, ta ce ya ci ko loma ɗaya. Waya ta yi ƙara, ya ce "ina zuwa, Mak," ya saɓi jaka ya fice. A garinsu Kuching kuwa ko ƙaramin yaro ya san ba a yin haka. In an miƙo maka abinci ba ka da sukunin ci, sai ka sa yatsa ka taɓa kafin ka fita. In ka ƙi, abin da suke kira kempunan ya hau kanka, tsautsayi na jiranka a gaba. Haka kawunsa ya bar kofin shayi ya tafi gona, ya faɗo daga bishiyar kwakwa, har ya mutu yana ɗingishi.

"Pak Sahari, don Allah mu koma," ya ce wa mai kwalekwalen.

"Mu koma ina? Bauna guda, tsoron wasa kake ji? Zauna, kada ka kifar min da mutane."

Bauna 'yan kallo ke ce masa. Mai tsaron baya ne a ƙwallon ƙafa, ba gudu, ba iya yanka. Abu ɗaya ya iya, da shi ya ci abinci shekara da shekaru: inda wasu ke tsoron sa ƙafa, shi kansa yake sawa. Yau ne wasan ƙarshe na kaka, kwantiraginsa ma yau zai ƙare. Koci Lau ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa gurbi ɗaya ya rage, kuma a wasan yau zai yanke shawara.

A ɗakin sa kaya ya kira Mak, ba ta ɗauka ba. Jimbun mai tsaron gida ya gan shi yana gumi tun ba a fita ba.

"Mutumina, zazzaɓi ne ko tsufa?"

Da Saufi ya gaya masa, Jimbun ya fara dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya buɗe ƙunshin abincinsa ya miƙo. "Taɓa wannan."

"Ba ita aka miƙo min ba."

"Shinkafa ai shinkafa ce."

Ya taɓa. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma daga idon Jimbun ya gane shi ma bai yarda da maganar tasa ba.

An yi ruwa da hantsi, fili ya yi santsi. Saufi ya dinga ganin tsautsayi a kowace ƙafa. Yana bin mutum a tsaye, yana ja da baya, yana miƙa ƙwallo tun ba a matso shi ba. Wani daga cikin 'yan kallo ya yi ihu, "Bauna, yau kitso ka yi ne?"

Ana dab da tashi, ba wanda ya ci, aka bugo ƙwallo ƙasa-ƙasa cikin da'ira. Irin tasa ce sak. Ɗan gaban abokan hamayya ya taho da ƙafa a sama, Saufi ya sunkuya zai kai kai kamar kullum, ya hango ƙusoshin takalmin suna nufo fuskarsa. Ya kauce.

Raga ta motsa. Jimbun na kwance a laka, bai ko dube shi ba.

Koci Lau bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na gode da shekarun nan, Saufi."

Rana ba ta faɗi ba ya sauka a mashigin unguwarsu. Mak na tsaye a bakin ruwa da carbi. Ta riƙe fuskarsa, ta shafa goshinsa, ta duƙa ta latsa gwiwoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ko ƙwarzane.

"Alhamdu lillahi," ta ce, tana share hawaye da gefen mayafi. "Na ga kiranka, ina kan sallaya. Tun da ka fita nake roƙon Allah kada kowa ya taɓa ka yau, kai ma kada ka taɓa kowa."

Saufi ya gyara jakar a kafaɗarsa.

"An amsa, Mak," ya ce.