Mai Kira Daga Damagaram

Rediyo a cikin kwalin taliya. Makirfo a naɗe cikin ɗankwali. Batir, doguwar waya, da lasisin mahaifinta a leda. Abin da Sadiya ta ɗauko daga Mahuta ke nan. Ta rungume kwalin a cinya, keke yana ta faɗawa ramuka.

"Hajiya, injin markaɗe ne?" in ji mai keken.

"Rediyo ne."

"Da wannan nauyin? To Allah ya sa yana kama Makka."

Ba rediyon jin labarai ba ne. Irin wanda ake magana da shi ne, mutum yana ɗakinsa ya kira wani a wata ƙasa. Mahaifinta, Malam Zakariyya'u, ya koyi abin tun yana aikin lantarki a masaƙa. Masaƙa ta rufe, shi bai daina ba. Duk Lahadi bayan la'asar yakan yi hira da wani Alhaji Hamza na Damagaram. Ba su taɓa ganin juna ba. Ba su kuma taɓa karɓar lambar wayar juna ba, don a wurinsu wanda ya nemi abokin rediyo ta waya ya yi ha'inci.

Ranar Talata aka binne Malam. Yau Lahadi.

A unguwar Nasarawa ta sauka, ƙofar gidan Baba Monday, abokin aikin mahaifinta tun zamanin masaƙa. Da ya ga kwalin sai ya cire hularsa.

"Baba, so nake ka gaya wa Alhaji Hamza," ta ce. "Kai kaɗai ka rage mai lasisi."

Ya nuna mata rufin gidan. Babu komai a kai sai tsatsa.

"'Yata, lasisina ya mutu tun shekarar da fansho ya fara wasa da mu. Ko sabuntawa ko maganin hawan jini, na zaɓi magani. Daga baya maƙwabta suka fara cewa da 'yan bindiga nake magana. Ba takarda a hannuna, me zan nuna? Da kaina na sauke eriyar." Ya dube ta. "Ke fa? Babanki ya cika mana kunne wai kin fi shi sanin abin."

Ta sani. Tun tana firamare take zama a gefensa. Amma ba a nan kusa ake jarrabawar samun lasisin ba. Ga mota, ga masauki, ga kuɗin zama, ga na lasisi in an ci. Duk shekara Malam yakan ce baɗi. Bai kuma taɓa bari ta danna makirfo ba. Yakan ce kunne nata ne, baki sai da takarda.

"Ban je ba," ta ce.

Duk da haka suka haɗa rediyon. Baba Monday ya rataya wayar daga taga zuwa bishiyar gwaiba, ita ta ɗaura batir, ta murɗa rediyon zuwa zangon da Malam ke tsayawa. Aka daɗe ba a jin komai sai shuuu. Can sai ga murya, ta tsufa, tana zuwa tana komawa. Muryar Alhaji Hamza ce, ta karanto lambar kiran Malam ta rediyo, harafi bayan harafi.

"Zakari ɗan Kaduna, ko tuwon rana ne ya kayar da kai? Tashi, malalaci."

Tari ya biyo baya, mai tsawo. Da ya lafa, muryar ta sake kira.

Sadiya ta warware ɗankwalin. Ta ɗora babban yatsanta a kan maɓallin makirfo.

"Ban hana ki ba," in ji Baba Monday a hankali. "Amma lambar babanki ta tafi tare da shi. Da sunan wa za ki yi sallama? Kuma in magana ta tashi a unguwar nan, ƙofata za a buga."

Ta dubi tsohon. Ta ɗauke yatsan.

Alhaji Hamza ya yi kira na uku. Wannan karon babu zolaya. Ya jira, su ma suka jira.

"To. Allah ya sa lafiya. Sai Lahadi."

Baba Monday ya share ido da hularsa.

"Ka'idarmu ce," ya ce. "In ɗayanmu ya rasu, a kira lambarsa sau uku, kowa ya yi shiru. Ga shi ya yi wa abokinsa, bai ma sani ba."

Sadiya ta kwance batir, ta naɗe wayar, ta mayar da komai kwali.

"Bar shi nan," in ji shi. "Na san mai sayen irin waɗannan. Jarrabawar nan ba yau ba ce, ba gobe ba. Kuma kin ji tarin mutumin nan."

"Na ji."

Ta ɗauki kwalin ta fita, ta sa ƙafa ta jawo masa ƙofar har ta rufe. Daga waje ya ji muryarta.

"Ba na sayarwa ba ne, Baba. Zan je in zana jarrabawar. Ni zan gaya masa."