Bari Mu Kalli Gari

…a'a, ba ta hagu ba tukuna. Ta dama. A fara ajiye ta dama, a ji ko dutsen na motsi, sannan a jawo gimbiya. Ƙafar hagu ke nan. Tun da ɓarin jikin Inaq Rumenah, wato Maman Rumenah, ya shanye, yau shekara biyu, ƙafar nan ba ta ƙara yin abu don an ce ta yi ba, sai an lallaɓa ta kamar surukar da aka ɓata wa rai. Zo mana. Zo, ba don halina ba… Yawwa.

Taku ɗaya ya ragu. Saura nawa? Kar ta ƙirga. Jiya ta ƙirga, ta kusa kuka.

Kwana na uku ke nan a kan dutsen Rinjani. Yaran Jakarta masu takalman tsada yini ɗaya suke yi daga garin Sembalun zuwa leɓen dutsen, ita biyu ta yi — to sai me? Ai ta zo. Yau gangara ce zuwa cikin ramin da ke tsakiyar dutsen, kuma ba wanda ya gaya mata gangara ta fi hawa mugunta. Ga tafkin can ƙasa, shuɗi, ga ɗan ƙaramin dutse a gefensa yana hayaƙi kamar murhun da aka tashi aka bari. Gaba da tafkin, inda tururi ke tashi, Aik Kalak ne. Ruwan zafi. Tun hantsi take hango shi, har yanzu ya ƙi matsowa.

Ƙwas… ƙwas… ƙwas. Silifas ɗin Amaq Jumahir, wato Baban Jumahir, a bayanta. Ba za ta waiwaya ba. Ta san abin da ke kafaɗarsa: gora mai kauri, ba kwando ko ɗaya a jikinta, sai zannuwa biyu a naɗe. Shekara talatin da ɗaya mutumin nan ya yi yana dakon kayan baƙi tare da marigayi mijinta, yau gora zalla aka ba shi. Gorarta ce. A ɗaura zani, a sa ta ciki, shi da ɗan dakon da ya yi gaba da tukwane su ɗauka, a sauko da ita tana lilo kamar akuyar da ta karye…

Sahdan ne da wannan aikin. Ɗan da ta haifa, ɗan da ta goya tana ciran tafarnuwa. "Inaq, ba gardama nake yi da ke ba. In kin sake faɗuwa a gonar nan wa zai gan ki? Tafarnuwa ce za ta kira mota?" Ɗaki ya gyara mata a birnin Mataram, a bene, da fanka, da tagar da ke kallon bangon wani. Yana son ta, ta sani, son ne ma ya fi ba ta haushi. Ita kuma bakin nan nata da ba ya shawara da ita: "Ni? Ni da zan iya zuwa Aik Kalak da ƙafata?" Wurin da ba ta taɓa takawa ba! Ya yi dariya har da riƙe ciki. "To ki je. In kin shiga ruwan ba wanda ya ɗauke ki, na bar maganar Mataram har abada. In kuwa a gora aka sauko da ke, daga gorar sai motata." Ka rantse. Ya rantse, a gaban Amaq Jumahir, don ya ɗauka wasa ne.

Wata bakwai tana hawa tudun bayan masallaci da bokitin ruwa a hannu, mata na leƙe ta katanga suna cewa ciwon ya taɓa kai. Bari su ce. Gidanta ne, gonarta ce, rumfar ƙofar gidan ma — a'a. Ban da rumfa. Ba yanzu ba.

Dama. Hagu. Tsakuwa na zamewa…

"Inaq, a hankali, nan akwai santsi." Rumenah ke nan a gaba, 'yarta ta fari, wadda mutane suka ɗauki sunanta suka liƙa wa uwar tun ranar da ta haife ta. Ita ke yi wa baƙi jagora yanzu, tana tafiya da baya-baya tana kallon ƙafafun uwarta, fuska a ɗaure kamar mai jiran jarrabawa. Numfashi ya ƙare. Ƙirji na bugawa har cikin kunne. Akwai kalmar da ke zaune a kan harshenta tun safe, gajeriya, mai daɗin faɗi…

"Bari mu kalli gari," in ji ta.

Gajimare ya taso ya rufe komai, ko tafin hannu da ƙyar ake gani. Amaq Jumahir ya jingine gora, ya zauna, ya ƙura wa farin gajimaren ido da gaske. "Kai, garin nan da kyau yake. Karo na sha ɗaya ke nan da muka kalle shi yau, Inaq Rumenah, bai taɓa gundurata ba."

Tsohon banza. Da tana da numfashi da ta zage shi.

Shi ya koya mata, shekaranjiya, a inda gonaki suka ƙare ciyawa ta fara. Ya tsaya ya ce, bari in faɗe ta tun muna ƙasa: daga nan zuwa sama ba a cewa "na gaji". Dutse na da kunne, wanda ya faɗa sai ya ƙara masa. Ta ce na sani, matar ɗan dako ce ni, ba baƙuwa ba. Ya ce to in abin ya kama ki fa, me za ki ce? Wannan kam ba ta sani ba. "Mu a tsakaninmu sai mu ce, bari mu kalli gari. Kowa ya gane, kowa ya sauke kaya, ba wanda ya ji kunya." Sai ta tsaya cak a kan hanya, Rumenah ta ce lafiya, ta ce tsakuwa ce a takalmi…

Ba yanzu ba, an ce! Kai ɗaya gare ta, kuma ƙafar hagu ta riga ta karɓe shi duka.

Tashi. Dama. Hagu. Wasu samari na hawowa da sanduna bibbiyu, jajayen fuskoki, ɗaya ya ɗaga mata babban yatsa: "Sannu da ƙoƙari, Kaka!" Kakarku tana gida. Amma ta ji daɗi, a bar gaskiya, ta ma ɗan miƙe baya har suka wuce.

Sai ga shi. Hanya ta yanke. Dutse ne a tsaye, ya fi tsayin mutum, da 'yan wuraren sa ƙafa da ruwa ya lashe. Rumenah ta dira kamar kyanwa ta juyo. Dama ta sauka… ta samu wuri. Yanzu hagu. Hagu. Zo. Zo mana, don Allah… Babu. Ta zama itace. Tana ganin ta, ga ta nan a cikin takalmi, amma ba kowa a ciki — kamar ranar nan, a gona, da rana tsaka, kunci a kan ƙasa, warin tafarnuwa a hanci, tana kiran hannunta hannun bai amsa ba, tana kiran maƙwabta bakin na fitar da wani abu da ba magana ba…

Ƙwaras. An ajiye gora a ƙasa. Tana jin ana warware zani.

A nan? A nan za a ƙare, ga warin ruwan har ya fara zuwa? Fanka. Taga. Bangon wani. Jikoki na ce mata Kaka zauna, Kaka kar ki taɓa, Kaka mun kawo miki… Ta zauna a bakin dutsen daɓas, ta kama ƙafar da hannu biyu ta jefa ta gaba kamar damin itace. In ba za ki kai ni ba, ni zan kai ki. Ta ja jiki. Dutse na gurzar ta, wando na yagewa, tana ji, ta sake ja.

"Inaq! Amaq Jumahir, wannan ya halatta kuwa?"

"Sahdan cewa ya yi kar a ɗauke ta. Ni ne shaida, ban ji ya yi maganar mazaunai ba."

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar dutse, da hawaye, da majina, da komai. Ta sulale, ta dira, ƙafar dama ta karɓe ta. Sai hagu — munafuka! — ta motsa yatsu kamar ba ita ba. Yanzu kika dawo? To mu je. Mu je, gimbiya, ba zan yi miki gori ba sai mun koma gida.

Warin ya cika ko'ina yanzu. Farar wuta, ruɓaɓɓen ƙwai. Baƙi toshe hanci suke yi, ita kuwa… ita wannan warin ta sani. Warin rigar mijinta ne. Shekara talatin da ɗaya tana wanke shi a bayan gida, tana mita, sabulu ba ya fitar da shi. Ashe daga nan yake kwaso shi. Ashe nan ne.

Ciyawa. Gangara 'yar kaɗan. Ƙarar ruwa na zubowa daga dutse, rawaya-rawaya, tururi na tashi. Rumenah ta kare ta da zani ta ɗaura nata, ta ɗaga waya tana ɗauka don Sahdan. Kar ki taɓa ni. Kar wanda ya taɓa ni. Bismillahi. Dama… Wayyo zafi! Sannan hagu — a'a, tsaya. Ta janye ta dama. Hagu ce za ta fara shiga, ita ta sha wuya. Ta ɗaga ta, ba da hannu ba, ita da kanta ta ɗagu, ta shiga.

Ta ji zafin. A ƙafar hagu, ta ji shi har cikin ƙashi.

Ta shiga har gwiwa, har ƙugu, har wuya. Ta juyo ta kalli wayar. "Sahdan! Kana gani? Ka ba surukarka ɗakin, ita ke son fanka!" Muryarta ta bugi dutse ta dawo. Can nesa Amaq Jumahir ya ba su baya don kunya, yana ta kabbara, ya gicciya gorar a kan duwatsu biyu ya shanya yagaggen wandonta a kai. Gorar Sahdan ta samu aiki. Alhamdulillahi. Ta ci. Ita, Inaq Rumenah, wadda aka ce ciwo ya taɓa kanta, ta ci! Gobe akwai hawan komawa, to gobe ta zo da nata, rantsuwa dai an gama da ita. Gidanta nata ne, gona tata, rumfa…

Rumfa.

Ruwan ya saki kafaɗunta, ya saki bayanta, ya saki abin da ta ƙulle tun shekaranjiya, ba ta da sauran hannun riƙe shi. Mijinta yana dawowa daga dutse da la'asar, kafaɗa duk kanta, ya ajiye kwanduna, ya zauna a rumfar ƙofar gida ya miƙe ƙafa. Ya buga tabarma kusa da shi. "Inaq Rumenah, zo mu kalli gari." Kullum. Kullum sai ya faɗa. Ita kuma daga madafa: wane gari? Garin da aka haife ka ne ba ka gama gani ba? Tafarnuwa na jira, yara ba su ci ba, kai ka samu lokacin kallo. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da zama shi kaɗai. Ta ɗauka shiririta ce irin tasa. Har a gaban mutane ta sha tsokanarsa da ita — mijina mai kallon gari…

Bai iya faɗar ɗayar ba, "na gaji", ko a gida. Bakin ya saba. Sau nawa ya gaya mata? Sau nawa, a shekara talatin da ɗaya? Ta taɓa zama kuwa? Sau ɗaya ma… ranar da aka yi ruwan ƙanƙara? A'a, ranar tsaye take, da tsintsiya. Da ya ce mata kawai — da ita ta tambaya —

Fuskarta a jiƙe take, tururi ne, kowa ya san tururi ne. Ga Rumenah can a kan duwatsu, tun asuba ba ta zauna ba, ta kunna risho, tana wanke shinkafar da ba a sa wa gishiri don likita ya hana, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka, sak ubanta.

"Rumenah. Zo mu kalli gari."

"Ina zuwa, Inaq, shinkafa na kan —"

Rumenah ta juyo. Tukunya a hannu, ruwa na ɗiga daga gindinta, ƙafa ɗaya a kan dutse ɗaya a ƙasa, tana kallon uwarta. Inaq Rumenah ta matsa gefe, ta buga ruwan kusa da ita da hannun hagu, ta sake bugawa…