Bakunan da Aka Rufe

A kwamitin da jami'a ta kafa don tsara dawowar ɗalibai bayan lafawar annoba, babu wanda ya kai Malam tsanani. Malamin lissafi ne, ya kusa ritaya, kuma cutar ta tafi masa da yayansa tun farkon zuwanta, saboda haka ba ya ɗaukar zancen da wasa. Shi ya dage sai an raba kowane aji gida biyu. Shi ya ce a bar layukan gaba babu kowa, a buɗe tagogi, a kunna fankoki, kuma kada ɗalibi ya kuskura ya matso teburin malami. Batun takunkumi kuwa cewa ya yi ko shugaban jami'a aka gani da hanci a waje a mayar da shi gida.

Majalisar jami'a ta amince da tsarin kusan yadda ya rubuta shi. Ranar da masu fenti suka bi kujerun ɗakin lacca suna yi wa na hana zama jan gicciye, Malam ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, yana kallonsu yana gyaɗa kai.

Ya ƙosa a dawo. Watannin da aka yi a kulle, a ɗakin karatunsa ya yi su, da iyafis a kunne, yana koyar da fuskoki ƙanana a kwamfuta. Shi kuwa malami ne mai yawo a aji. A da, idan ɗalibi ya ɗaga hannu, sai ya taka har inda yake, ya dafa tebur, ya tsura masa ido har ya gama tambayarsa. Ɗalibai na cewa ba su da malami mai sauraro kamarsa.

Ranar farko ya shiga aji da sabon takunkumi fari. Ya yi musu barka da dawowa, ya juya ga allo ya yi ta rubutu, komai na tafiya daidai. Can sai wata ɗaliba daga layin tsakiya ta ɗaga hannu.

Ya ji muryarta. Ya ji tana hawa tana sauka, ya ji inda ta tsaya. Amma ko kalma ɗaya bai kama ba. Kamar ana magana a bayan bango.

"Sake faɗa," in ji shi.

Ta sake. Fankoki na ta kaɗawa, wata mota ta wuce ta bayan taga. Ya yi taku ɗaya zai nufe ta, sai ya ga jan layin da shi da kansa ya sa a ja a gaban teburin malami, ya koma da baya. Ya dubi allo, ya zaɓi wurin da ɗalibai suka saba rikicewa, ya yi bayaninsa tiryan-tiryan. Da ya juyo, ya ga kafaɗu na rawa, idanu sun ƙanƙance a saman takunkumai. Ɗalibar ta rubuta wani abu da manyan baƙaƙe a bayan littafinta, ta ɗaga masa. Izinin fita bayi take nema.

Shi ma ya yi dariya, ya nuna mata ƙofa. Amma tambaya ta biyu ma haka ta wuce shi, ta uku ma haka. Ya sallami ajin tun lokaci bai cika ba.

Haka makon ya tafi. A ofis, idan sakatariya ta yi masa magana sai ya ce "to, madalla," ya wuce. Shugaban sashe, abokinsa tun suna ƙananan malamai, wanda kowa ke kira Dogo, ya tare shi a baranda ya yi dogon zance, yana nuni da hannu wajen ɗakin taro. Malam ya yi ta gyaɗa kai. Washegari ya ga sunansa a matsayin mai kula da jarrabawar sashe, wai ya amsa da bakinsa.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, a gida lafiya lau yake fahimtar kowa. Matarsa za ta zauna a gabansa ta ba shi labarin maƙwabta, ba abin da zai kuɓuce masa. Auta, 'yarsu da ke jiran sakamakon sakandare, za ta yi ta zuba surutu, ya biye mata. To in kunne ne, ai ba zai zaɓi wuri ba. Daga nan tunaninsa ya tafi kan mahaifinsa. Tsohon, kafin rasuwarsa, haka ya fara: a yi masa magana a cikin mutane ya yi ta kallon mai maganar, sai an koma gida ya dawo daidai. Daga baya gidan ma ya gagara, har ya riƙa tambayar 'ya'yansa daga wane gari suka zo.

Malam bai faɗa wa kowa ba. A mota, kafin ya kunna, sai ya riƙa gwada kansa: ya jero sunayen 'yan ajinsu na firamare, ya warware lissafi a ka. Duk yana ci, amma bai sami natsuwa ba, don ya tuna tsohon ma bai manta tsofaffin abubuwa ba sai can ƙarshe. Abinci ya daina shiga. Ya fara shirya a ransa yadda zai gaya wa Dogo zai ajiye aiki kafin ɗalibai su sa masa suna.

Ranar hutun ƙarshen mako da hantsi yana zaune a falo, shayinsa ya huce a gabansa, matarsa ta shigo da kwandon wanki ta ajiye, ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa.

"Malam, wai me ke damunka ne? Tun da aka buɗe makarantar nan kake ramewa. Kai da ka hana mu sakat da ɗokin komawa."

"Ba komai. Gajiya ce."

"Gajiya ba ta hana ka shayi. Ni za ka ɓoye wa?"

Ya daɗe yana juya kofin. Sannan ya ce, "Ina jin ciwon Baba ne ya kama ni."

Ta ajiye rigar da take ninkewa. Ya kwashe komai ya gaya mata, da ɗalibar, da Dogo, da gwajin da yake wa kansa a mota. Har maganar ajiye aiki bai ɓoye mata ba. Ta saurare shi har ya kai aya, ba ta katse shi ba. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki faranti daga kan tebur, ta kare bakinta da shi, ta yi magana.

"Me kika ce?"

Ta sauke farantin. "Cewa na yi, yanzu kana ji na?" Ta sake ɗagawa, ta sake yin magana. Murya kawai ya ji, irin ta ajin nan. Ta sauke. "Yanzu fa?"

Malam ya zuba mata ido.

"Auta!" ta ƙwala kira. "Zo ki ji, yau babanki ya gano ba ya ji."

Auta ta fito daga kicin da cokali a hannu. "Sai yau? Baba, ai mu mun daɗe da sani. Ba ka lura in zan yi maka magana sai na zagayo gabanka ba?"

"Ni na ɗauka ladabi ne."

"Har da ladabin," in ji Auta, tana danne dariya.

"Bakin mutane kake karantawa, Malam," in ji matarsa. "Da ido kake ji. Ka tashi da kanka ka je ka sa an rufe bakunan jami'a gaba ɗaya, ka kuma ja wa kanka layi. Shekara nawa ina yi maka magana daga kicin kana ce min 'to'? Kana tsammanin da saninka ka yarda aka canza labulen falon nan?"

Ya waiga ya dubi labulen. "To me ya hana ku gaya min?"

"Na gaya maka ya fi a ƙirga. Ka ce ni ce nake magana ƙasa-ƙasa kamar mai jin yunwa. Da na matsa, ka ce talabijin ɗin ce ta tsufa."

Ya tuna ya faɗi haka. Ya jingina da kujera, ya rufe ido, ya sauke wani dogon numfashi. Da ya buɗe ido sai ya ga dariyar ta bar fuskar matarsa, tana share gefen idonta da bakin mayafi.

"Mako guda kana ɗauke da wannan kai kaɗai," ta ce. "Allah ya shirye ka. Auta, ɗumama masa shayin nan."

Matarsa ce ta raka shi asibitin jami'a a farkon mako, don ta ce in ta bar shi zai tsaya a ɗakin karatu ya ce layi ya yi yawa. Aka auna zafin jikinsu a ƙofa, suka wanke hannu, suka zauna da kujera ɗaya a tsakaninsu. Likitar da ta gan shi ta taɓa zama a ajinsa a shekararta ta farko, ta kuma tuna masa cewa da ƙyar ta tsallake. Ganin yadda yake miƙo wuya, sai ta cire takunkuminta ta sa garkuwar fuska ta roba mai haske, ta ja kujerarta baya.

Ta yi masa tambayoyi, ta sa shi ya maimaita kalmomi, ya zana agogo, ya ƙirgo lambobi da baya. Da ya fara gyara mata yadda ta tsara tambayar lissafin, ta ɗaga hannu.

"Malam, ƙwaƙwalwarka ta fi tawa lafiya. Kawo kunnen mu gani."

Ta leƙa na dama ta ce, "Ikon Allah. Iyafis kake sawa?"

"Kullum, tun da aka rufe makaranta."

"Ya tura dattin kunnen ciki ya daskare, ya toshe hanyar gaba ɗaya." Ta leƙa na hagu. "Wannan kuma a buɗe yake. Shi shekaru ne suka taɓa shi, kuma ba jiya ya fara ba. Na daman ne ke ɗauke da kai, shi ma ga yadda ya koma."

Aka ɗiga masa magani, ya jira, sannan ma'aikaciyar jinya ta wanke kunnen da ruwan ɗumi a sirinji. Ya ji wani ƙugi, sai kuma fau, kamar an buɗe taga. Ƙarar fanka ta shigo, da takun mutane a baranda, da kukan wani jariri can nesa. Ma'aikaciyar ta ce masa sannu ta cikin takunkuminta, ya ji sannun sarai. Ya roƙe ta ta ƙara faɗin wani abu, ko mene ne. Ta ce kada ya ƙara sa tsinke a kunne. Ya yi mata godiya har sau biyu.

Likita ta rubuta masa takardar zuwa babban asibiti a gwada na hagun, a haɗa masa na'urar ƙara ji. Ta ce kada ya yi tsammanin zai koma kamar saurayi, amma aji ba zai gagare shi ba.

A zaman kwamiti na gaba, Malam ya nemi izinin magana, ya ba su labarin da bakinsa, har da na ɗalibar da jarrabawar da Dogo ya ɗora masa. Aka yi dariya. Da dariyar ta lafa, wani farfesan shari'a ya yi gyaran murya ya ce shi ma tun da aka dawo, rabin tambayoyin ajinsa cankar su yake yi. Wakiliyar ɗalibai ta ce akwai 'yan uwansu masu matsalar ji da suka daina shiga aji, suna jin kunyar faɗa. Ba a taɓa takunkumi ko tazara ba, Malam ma ba zai yarda ba. Amma aka amince a kafa makirufo mai tsayawa a tsakiyar kowane babban ɗaki, wanda ba sai an riƙe shi da hannu ba, a ware wa masu matsalar ji kujerun da suka fi kusa, malamansu kuma su sa takunkumi mai tagar roba da ke nuna baki. Dogo ya ce shi dai batun jarrabawa yana nan, an amsa an amsa.

Ranar da aka sa masa na'urar a babban asibiti, matarsa na gefensa a mota suna dawowa. Ba su yi nisa ba ya rage gudu, ya karkata kai.

"Kina jin wannan?"

"Me?"

"Wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin motar. Yanzu ya fara."

Ta juyo ta dube shi da kyau. "Yanzu? Malam, tun kafin annoba motar nan take wannan kukan. Maƙwabta da shi suke gane ka dawo."

Ya kasa kunne yana saurare. Ƙarar ba ta da daɗi ko kaɗan, amma bai so ta daina ba tukuna. Sai da suka wuce shatale-tale ya kunna sigina, ya karya kan motar zuwa layin makanikai.