Shekarar da Kogin Nam Kaw Ya Yi Shiru

Sau uku garin Ta Mok yana tashi daga inda yake, kuma duka ukun kogin Nam Kaw ne ya tashe shi. Matakalar bulo da sarakunan da suka gina don sauka bakin ruwa tana nan har yau, amma a tsakiyar gonar shinkafa take, ɓauna na susa a jikinta. Kogin ya bar wurin tun kafin Turawa su ja layin dogo ta gindin duwatsun masu shayi. Ya yi gabas, ya dawo yamma, daga baya ya rabu biyu ya bar tsibiri a tsakiya, wanda ake kira Bayan Ɓauna.

Da damina ruwa ke rufe tsibirin. In ya janye sai ya bar laka baƙa wadda babu irinta wajen tafarnuwa. Mutanen Ta Mok na so, mutanen ƙauyen Wan Hai da ke tsallake su ma suna so. An fasa kawuna a kansa a da, har wani sarki ya gaji ya kafa doka. Duk shekara in ruwa ya janye, a yanko kututturen ayaba, a soka masa farar tuta, a sake shi daga saman tsibirin. Reshen da ya bi shi ne uwar kogi, shi ne iyaka, tsibiri kuma ya zama na ɗaya gefen. Amma dole ya wuce ɓauren da ke wutsiyar tsibirin kafin a buga ƙararrawar tsakar rana a haikali. In bai wuce ba, kogi bai yi magana ba, wanda ke riƙe da tsibiri ya ci gaba da riƙewa. In ya maƙale a jikin kayan wani, mai kayan kaɗai ke da ikon ture shi. Kwana bakwai kafin ranar kuwa, ba mai ɗaga ko dutse ɗaya a cikin ruwan.

Shekara goma sha ɗaya kututturen na bin reshen Wan Hai, gida arba'in na Ta Mok na cin tafarnuwarsu. Sai shekarar da Lung Kaw Ling ya yi gaggawa.

Lung Kaw Ling maƙerin keken ruwa ne, irin na gora, wanda kogi ke juyawa, guntayen gorar da aka ɗaure a bakinsa su ɗebo ruwa su juye a indararo, ya gangara lambu. Ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya, nan matsalar take. Bara ya dasa 'ya'yan lemo sittin a kan gaɓa mai tudu, ya rantse zai ɗaga musu keken da ba a taɓa gani ba. Kowa na jira sai an saki kututture kafin ya yi datsin da ke karkato ruwa zuwa kekensa. Shi bai jira ba. Ruwa na fara janyewa ya shiga da ɓaunarsa, ya kafa turaku, ya jera kwandunan duwatsu tun daga kan tsibirin, ya tattaro ruwan ya nufo da shi gaɓarsa. Keken ya tashi, tsayin mutum biyar. Kukansa har kasuwa ake ji.

Ranar kasuwa, saura kwana huɗu a saki kututture, yana zaune a rumfar matarsa Pa Ywet yana cin taliyar shinkafa, sai ga yayan matar, Lung Sam Ta na Wan Hai, da ƙunshin ganye a hannu. Shekara talatin suna surukuta, ba su taɓa rabuwa ba tare da sun yi musu ba.

"Ƙanena, ga tsaraba," in ji Sam Ta, ya ajiye masa daddawar waken suya faifai goma. "Mutanen ƙauyenmu suka ce in kawo maka. Sun ce a gaishe ka da aiki."

"Wane aikin? Tun yaushe Wan Hai ta fara kyauta, Pi Sam Ta? Ko ta lalace ne kuka rasa inda za ku zubar?" in ji Kaw Ling, wanda ke kiransa Pi, wato yaya.

"Lafiyarta ƙalau. Jiya na tsallako da ɓaunata ta reshenmu, ruwan ko cikinta bai taɓa ba. Da na iso naku, sai da ta yi iyo." Ya juya wajen ƙanwarsa yana murmushi. "Ywet, irin tafarnuwar nan taki, in ba ki da inda za ki shuka bana, kawo mu saya."

Pa Ywet ta tsaya da ludayi a hannu. Ta dubi yayanta, ta dubi mijinta.

"Baban Mo Kham, me ka yi wa kogi?"

"Ni? Me zan yi wa kogi? Kogi ɗana ne?"

Amma ya ture kwanon taliyar gefe. Ya tashi ba sallama, ya bi gaɓa har saman tsibirin. Ya ɓare lemo ya jefa ɓawon a tsakiyar ruwa. Ɓawon ya yi ɗan juyi, ya bi datsinsa, ya shige reshen Ta Mok. Ya jefa kara, ya bi. Ya cire malafarsa ya jefa don haushi, ita ma ta bi, ya tsince ta a gindin kekensa.

Ya wuce gidan mai gari kai tsaye, ya ce a ba shi rabin yini ya rushe datsin.

"Yau saura kwana nawa?" in ji mai gari.

"Huɗu."

"Doka ta ce nawa?"

"Bakwai. Amma ai duwatsuna ne!"

"Naka ne ranar da ka zuba su. Yanzu na kogi ne sai an saki kututture. Tun shekaranjiya mutanen Wan Hai suka kafa rumfa a gaɓa suna shan shayi suna gadin datsinka. Ba ka gan su ba? Har da tabarma suka zo."

Kafin azahar labari ya gama gari. Ba wanda ya zage shi, da ma zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Matan da ke wanki suka riƙa yin shiru in ya zo wucewa. Mai shayi ya tambaye shi ko Wan Hai ta yi masa alkawarin sarauta. A gida kuwa Pa Ywet ta ajiye masa shinkafa da dafaffen ganye, ba mai, ba ƙamshi.

"Ina tafarnuwar?"

"Gara ka fara sabawa," in ji ta. "Ka matsa lemo a kai. Kana da sittin."

Ita ce ta gaji kunya takwas a Bayan Ɓauna daga uwar mijinta, ita ta tsince duwatsun wurin da hannunta, kuma irin da take ajiyewa a rataye bisa murhu tun na tsohuwar ne. Ya ɗaga kai ya ga damman irin a rataye, ya mai da kansa ƙasa ya cinye shinkafar haka nan.

Ranar ta zo da rana tas. Gaɓa biyu suka cika, dogayen ganguna na tashi nan da can, masu awara sun kafa kasko. Nai Awn, tsohuwar da ke kula da ɗakin iskokin da ke tsaron gari, ta hau kwalekwale aka kai ta sama da tsibirin. Ta zuba shinkafa da furanni a ruwa, ta yi 'yan maganganunta, ta tura kututturen da farar tutarsa.

Ya taho a hankali. Da ya iso kan tsibirin sai ya tsaya yana juyi, kamar mai tunani. Mutanen Ta Mok suka riƙa kaɗa masa hannu suna cewa, "Can! Can! Bi can!" Ya ɗan karkata wajen Wan Hai, har wata mata ta fara guɗa. Sai ruwan datsin ya kama gindinsa ya fizgo shi.

Gangunan Wan Hai suka ɓarke. Sam Ta ya cire rawaninsa yana juyawa a sama. Masu gangar Ta Mok suka sauke hannu.

Sai dai Kaw Ling bai yi datsin nan don wasa ba. Ya yi shi ne yadda duk abin da ya shigo reshen sai ya biyo ta ƙarƙashin keke. Kututturen ya taho da gudu, ya daki turakun, ya juya a gicciye, ya cusa kansa tsakanin haƙarƙarin keken da ginshiƙin da ke riƙe da shi. Keken ya yi wata ƙara, ya tsaya cak. Ruwan indararo ya yanke.

Jama'a suka kwaso a guje. Mutanen Wan Hai suka tsallako a kwalekwale, wasu da ƙafa ta reshensu da ya zama na yara. Ruwa na ta taruwa a bayan keken yana turawa, gora na kuka ƙyas, ƙyas, igiyoyi na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san abin da ke nan. Tura ɗaya da doguwar gora, kututturen ya fita, keke ya tsira, tsibiri ya tafi. Kuma mutum ɗaya ne ke da ikon turawa.

Sam Ta da kansa ya kawo masa gorar, ya miƙa masa hannu biyu.

"Ƙanena, ga ta. Wata biyu kana wannan aikin. Dubi kyansa! Tun daga nan har inda kogin nan ya ƙare babu mai irinsa. Za ka tsaya kana kallo ya karye saboda albasar mata?"

"Tafarnuwa ce," in ji Pa Ywet daga baya.

"Lemonka sittin fa? Rani ne ke tafe. Da bokiti za ka ba su ruwa, da wannan bayan naka?"

Kaw Ling ya karɓi gorar. Ya dubi keken, ya san kowane ƙulli da ke jikinsa. Ya dubi rana, da sauran kamar kamu ɗaya ta daidaita. Ya dubi matarsa, ita kuwa ta naɗe hannu a ƙirji tana kallon tsibiri. Sai ya kwantar da gorar a ƙasa, ya zauna a kanta, ya zaro taba daga jakarsa.

"Pi Sam Ta, kana da ashana?"

Dariya ta tashi a gefen Ta Mok. Sam Ta ya ce ba shi da ita, mutum biyar suka miƙo tasu.

Daga nan aka shiga jira. Haƙarƙari ɗaya ya karye, keken ya ɗan motsa, kututturen ya zame kamar zai fita, mutanen Wan Hai suka yi ihu, sai na biyun ya danne shi. Kaw Ling na zuƙar taba, gumi na bin wuyansa. Duk ƙarar da gorar ta yi sai fuskarsa ta motsa kamar shi ake karyawa. Wani daga Ta Mok ya ce a aika haikali a ce musu rana ta yi. Nai Awn ta ce duk wanda ya je sai ta fasa masa kai da sandarta, masu ƙararrawa sun san aikinsu.

"Malaman haikalin nan ba sa jin yunwa ne, su buga ƙararrawar cin abinci?" in ji Kaw Ling, ba tare da ya dubi kowa ba.

Ginshiƙin ya fara kwantawa. Rabin keken ya nutse. Tutar ta ɓace a cikin kumfa, ta sake bayyana. Sai daga kan tudu ƙararrawa ta yi kuka, ɗaya, biyu, uku.

Amonta bai gama ɓacewa ba keken ya kife gaba ɗaya, da ƙara kamar an sare ƙatuwar bishiya. Kututturen ya fito ta ƙarƙashinsa, ya gangara abinsa, ya wuce ɓauren da tutarsa a tsaye.

"Ya wuce! Kun gani, ya wuce!" in ji Sam Ta.

"Ya wuce bayan ƙararrawa," in ji Nai Awn. "Ina yarinya ya taɓa kwana a jikin gungumen katako, tsibiri na hannunku lokacin, kakanka bai ce a sake ba. Kogi bai yi magana ba bana. Kowa ya tafi ya ci abinci."

Gangunan Ta Mok suka ɗauka. Kaw Ling bai yi rawa ba. Ya tsaya yana kallon gorarsa na bin ruwa guntu-guntu, har wani yanki ya maƙale a gaɓar Wan Hai, wata mata ta ja shi za ta yi shingen kaji.

Washegari da safe ya fito ya tarar da mazan gida arba'in a bakin lambunsa da adduna. Mai gari ya ce za a sare gora a ɗaga masa wani keken, amma datsin za a yi shi ƙasa da ɓaure, inda reshen biyu suka haɗu, kuma tsohon za a kwashe shi dutse-dutse yau ɗin nan. Kaw Ling ya ce a can ruwan ba shi da ƙarfi, keken ba zai wuce tsayin mutum uku ba, indararon kuma sai ya yi tsawo. Aka ce masa ya yi uku ɗin. Kafin a gama, mata za su riƙa ɗaukar wa lemon ruwa, kowace tulu biyu.

Ana cikin haka sai ga Sam Ta a kwalekwale, ya jawo damin gora a baya.

"Ta Wan Hai ce, ta fi taku ƙwari. Na ce ko za ka sake yin datsin a inda yake. Wurin ya dace da kai."

"Sauke gorar ka koma, Pi Sam Ta. Daddawarku ma gishiri ya yi mata yawa."

"Ka cinye ke nan?"

"Da zubarwa zan yi?"

Da rana Pa Ywet ta sauko da kwanon taliya, ta ajiye masa a kan turke. Ya buɗe. Soyayyar tafarnuwa ta rufe saman har ba a ganin taliyar. Ya ci loma biyu, ya ce ta yi yawa.

"Kawo in kai wa yayana," in ji ta.

Ya janye kwanon ya juya mata baya. Ita kuwa ta ɗauki damin irinta a ka, ta nufi kwalekwalen da ke jiran matan da za su tsallaka Bayan Ɓauna.