Layi Goma Sha Biyun da Na Goge

…kuma duka ukun sun ci gwaji, Si Allal, malamina, wallahi sun ci. Linux, Mac, Windows — kore, kore, kore, alamar babu kuskure. Na ɗaure manhajarmu ta lissafin cika da janyewar teku, na sake ta ranar Laraba, har da yaba wa kaina. Ni Ghita, wai magajiyarka. Tir.

Fayil ɗin nan naka… layi goma sha biyu, kwanan wata zalla, ko bayani babu. Na ce tarkacen tsoho ne. Wata huɗu da binne ka, na goge.

"'Yata, kwamfuta ba ta ganin wata." Haka ka ce min, kana tsiyayo shayi daga sama, kumfa na tashi, ni ina dariya — na ɗauka zolaya ce. Ashe duk Sha'aban kai ke zama ka rubuta ranar da za a mayar da agogon ƙasar nan baya da awa ɗaya saboda azumi. Don tsofaffin kwamfutocin da ba su san an mayar ba. Me ya hana ka faɗa min? Ko ka faɗa ne?

Injinan gwajina kuwa ina ruwansu da azumi, agogon duniya suke bi.

Dakta Nezha na can Walidiya, cikin taɓon bakin teku, ita da ɗalibanta biyar, suna ɗibar laka. Tsohuwar kwamfutarta ce ta buga musu jadawalin cikar tekun — manhajarmu ta ce ruwa zai dawo ƙarfe huɗu. Huɗun tsohon agogo. Yanzu da muke cikin azumi, sa'ad da ruwan zai dawo, na hannunta uku zai nuna. Jiya ma ta kira ni, wai Allah ya jiƙan malaminki, ya bar aiki a hannu nagari…

Uku saura kwata.

Ɗauki mana, Nezha. Wayar na mota, na sani, wa ke shiga taɓo da waya? Na sake kira. Si Allal, kujerarka ga ta nan, na hana a fitar. Kai ka kai ni bakin tekun nan, shekarata ta farko, ka nuna min yadda ruwan ke zagayowa ta baya, shiru, ya cika kwari kafin mutum ya ɗago kai. Tafiyar minti arba'in zuwa tudu, ka ce, in ƙafa ba ta kafe ba.

Na mayar da layukanka. Gyaran na ginuwa a kwamfuta, yana rarrafe, kashi sittin… wa zai sauke shi cikin laka?

Wayar Nezha na ƙara, ba a ɗauka ba. Tana ƙara. Uku saura biyar — kuma mutum talatin da tara suka sauke manhajar a ƙasar nan, ni Nezha kaɗai na sani.