Singiletin Badaru Mai Batir

Duk Birnin Kudu an san Badaru da abu biyu: ya iya ruwa, kuma yana tsoron sanyi. Ruwan dai tun yana ƙarami ya koya a rafin bayan gari, har ya kai shi ga samun aiki a ma'aikatar da ke kula da madatsun ruwa. Tsoron sanyin kuwa, Allah kaɗai ya san inda ya kwaso shi. Ko ruwan firji aka miƙa masa sai ya ajiye har sanyin ya fita. Iska ta ɗan kaɗa da asuba, za ka gan shi a masallaci da rigar sanyi har da hular rufe kunne.

To wannan bawan Allah ne ofis ya zaɓa ya tafi kwas can arewacin Turai, ya koyo yadda ake nutsewa da silindar iska a baya a duba ƙofofin dam ta ƙarƙashin ruwa. Malamin kwas ɗin bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya aiko cewa ruwansu ƙanƙara ce narkakkiya, wanda ya kasa daɗewa a ciki ba shi da takardar shaida, sai dai ya koma gida da hotuna. Ya ce kowa ya zo da rigar ciki mai ɗumama jiki da batir, wadda ake sawa ƙarƙashin kayan nutso. Ya kuma ja kunne cewa batirin kada ya wuce girman da ake bari a hau jirgi da shi, kuma a jakar hannu ake riƙe shi.

Daga ranar Badaru ya rasa sukuni. Lokacin bazara ce, kwalta na narkewa, shi kuwa yana gindin darbejiya da waya a hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana neman rigar da ta fi kowace zafi. Wannan ƙirji kawai take ɗumamawa, ba ya so. Waccan tana da ƙaton batir mai jimiri, amma za a ƙwace shi a filin jirgi. Abokan majalisarsa suka gaji har suka riƙa tashi in sun hango shi. Matarsa Munawwara ba ta da inda za ta gudu, don haka ta haddace karatun tsaf. A ƙarshe ya tsayar da shawara a kan wata baƙar singileti mai siraran wayoyi a baya da ƙirji, da ƙananan batura biyu, kowane bai fi sabulun wanka ba. Ya yi oda, ta yi ta yawo a hanya, ba ta iso ba sai da damina ta yi tsaka, ana saura 'yan kwanaki ya tashi.

Matafiyi ba ya barin gari bai yi sallama da manya ba. Ya goya Munawwara a babur, suka ratsa gonakin gero har Gwaram, gidan mahaifinta Alhaji Sada. Tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin shanu cikin raɓa da ruwan sama, yanzu sanyin ƙashi ya kama masa baya ya tanƙwara shi. In damina ta kankama ko masallacin ƙofar gida ba ya iya zuwa. Badaru ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa, aka gaisa.

Munawwara ce ta jawo abin da ya biyo baya. Ita ta matsa a taho da singiletin don a gani a gidansu, ita kuma ta ɗauko ta daga jaka. Tsohon ya jujjuya ta, ya ce, "Wannan 'yar abar ce ke maganin sanyin Turai?"

Nan Badaru ya manta da kunyar suruki. Baki ya buɗe, ya yi bayanin wayoyi, ya yi na maɓalli, ya ce batirin ko a shagon cajin waya ana iya cika shi, kuma guda biyu ne, ɗaya na aiki ɗaya na caji. Sannan don ya tabbatar da maganarsa ya ce Baba ya gwada.

Aka cire wa tsohon taguwa, aka zura masa singileti, Badaru ya danna maɓalli. Can sai Alhaji Sada ya lumshe ido, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka saki.

"Ikon Allah," in ji shi. "Kamar an san inda ke mini ciwo."

Kowane ɗan mutunci ya san abin da ake faɗa in babba ya yaba kayanka, kuma ya san amsar da ake mayarwa. Kai ka ce nasa ne, shi ya sa maka albarka ya miƙo maka abinka. Badaru ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai taka ce, Baba."

"Madalla," in ji tsohon. "Allah ya yi maka albarka." Ya jawo taguwarsa ya mayar a kai.

A hanyar komawa Badaru ya bari sai da suka bar gari. Sannan ya fashe.

"Ke ba za ki yi masa magana ba?"

"In ce masa me, Baban Hidaya? In ce mijina ya ba ka abu da baki, zuciyarsa ba ta bayar ba? Ni na sa ka faɗa?"

"Cewa ake yi! Kowa cewa yake yi!"

"To shi ma karɓa ya yi," in ji ta.

Haushi ya hana shi cin tuwo. Sake yin oda ba zai yiwu ba, kafin ta zo an gama kwas. Ya riƙa hango kansa a ƙarƙashin baƙin ruwa, haƙora na kaɗawa, ana jawo shi sama gaban kowa, sannan ya dawo ofis hannu rabbana. Gaskiya tsoro ya kama shi sosai. Sai wata dabara ta faɗo masa: batir ɗaya ne a jikin tsohon, ɗayan da cajar suna nan cikin jakarsa. In ya ƙare, singileti ta zama tsumma, za a aiko masa da ita.

Haka kuwa aka yi. Washegari Inna Dada, surukarsa, ta bugo waya ta ce rigar ta mutu. Badaru ya hau babur yana murmushi, ya jefa cajar da ɗaya batirin a aljihun jakar goyo don ba ya yarda ya bar su a gida inda yara ke taɓe-taɓe. A hanya ya shirya maganarsa: zai ce zai kai ta gyara.

Ya tarar da tsohon a zaure, a takure. Inna Dada na tsaye daga bakin ƙofar cikin gida. Ita ta fara magana, ta ce jiya da la'asar Alhaji da ƙafarsa ya taka har masallaci, rabonsa da jam'i tun farkon ruwa, har liman ya yi ta mamaki. Sannan ta ce Munawwara ta gaya mata rigar ta aiki ce, ita kuma ta gaya wa Alhaji.

Tsohon ya fara kokawar cire taguwa. Ya zare singiletin, ya ninke ta a kan gwiwa. Badaru, da bai taɓa ɗaga ido ya kalli surukinsa sosai ba, ya ga bayan nan a tanƙware, ƙasusuwa a jere, fata duk ta yamutse, tsigar jiki ta tashi saboda iskar hadari da ke shigowa.

"Karɓi, ɗana," in ji Alhaji Sada. "Ban san guzurin tafiyarka ba ne. Ni na saba da ciwona."

Ga abinsa ana miƙo masa, ba roƙo, ba ƙaryar gyara. Hannu kawai zai sa. Ya tuna ruwan can. Ya sake duban bayan tsohon.

"Wallahi ba zan karɓa ba, Baba," ya ce. Wannan karon shi kansa ya ji maganar daga ina ta fito, kuma ya rantse, ba sauran komawa.

Tsohon bai ja zance ba. Ya mayar da singiletin, ya gyara zama, ya ce, "To ina ɗan'uwan batirin? Ka ce ɗaya na aiki ɗaya na caji."

Badaru ya buɗe jaka ya miƙa, har da cajar. Inna Dada ta shiga ciki ta fito masa da ƙullin citta da kanumfari, da wata tsohuwar rigar ulu da Alhaji ke sawa zamanin kiwo, tana ƙanshin hayaƙi. Ta ce ba sanyin da wannan riga ba ta gani ba.

Ranar tafiya, a filin jirgin Kano, ya bi layi da rigar ulun a kafaɗa. Ya daɗe yana bitar wannan wuri a ransa, ya san girman batir, ya san dokar, ya san yadda zai ɗora su a tire ya yi bayani dalla-dalla. Ma'aikaciyar ta duba fasfonsa, ta dubi jakar hannunsa.

"Malam, akwai batir a ciki?"

Badaru ya gyara rigar a kafaɗarsa.

"Babu," ya ce.